Tsagar Kunnen Baba

Shekara ashirin da biyar ke nan ina cin abinci da zane, amma duk tsawonsu ban taɓa zana fuskar mutum ba. Ƙeya nake zanawa. Mata a layin famfo, tsoho a tashar mota da jakarsa tsakanin ƙafafu, yara sun jeru a bakin taga suna leƙen titi, kowa ya ba ni baya. Masu rubutu a jarida sun yi ta zuba bayani a kan wannan. Wani ya cika shafi biyu cif yana cewa wai ina nuna yadda duniya ta juya wa 'yan gudun hijira baya ne. Na karanta, na ce sannu da ƙoƙari, na goge burushina da jaridar. Maganar ba ta kai can ba. Tsoro nake ji, kuma ban taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Da Inna muke zaune, mahaifiyata, a hawa na uku na wani tsohon bene. Ɗaki biyu ne da falo. Falon na mayar wurin aiki saboda tagarsa babba ce, Inna kuma ta kafa kujerarta a bakin tagar tun ranar da muka tare, tana ɗinki tana kushe min zane. Tela ce, da allura ta raine mu ni da ƙanena Auta. Tana da wata ɗabi'a da ta gagare ni: ba mai fita daga gidanta sai ta lalube shi. Aljihu, jaka, bakin riga. Shekarata arba'in da tara, ga furfura a kaina, amma in zan sauka sayen burodi sai na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga hannu kamar wadda aka kama da kayan sata. In na yi mita ta ce, "Ke dai tsaya in gani."

Ran wata Talata likita ya gama duba idon Inna ya kira ni gefe. Ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye na dama gaba ɗaya, na hagu ma saura ƙiris. Wata uku ko huɗu, bayan nan sai duhu. Ya yi ƙasa da murya don kada ta ji. Bai san Inna ba, matar da ke jin an buɗe firji tana cikin banɗaki da famfo a kunne.

Da muka dawo gida ta zauna a kujerarta ko mayafi ba ta cire ba.

"Gawayi," ta ce. Sunan da Baba ya laƙaba min ke nan tun ina ƙarama, don ba bangon da na bari fari a gidanmu. "Wata nawa ya ce?"

"Bai ce komai ba, Inna. Magani kawai ya sauya."

"Uku ko huɗu ya ce, na ji shi sarai. Zo nan."

Na zo na durƙusa a gabanta.

"So nake ki zana min babanku. Fuska nake so fa, ba ƙeya ba. Ƙeyar mutanen garin nan kaf na gani a falon nan, na ƙoshi." Ta yi ɗan murmushi, bai daɗe ba ya tafi. "Ya fara ɓace min. Jiya na rufe ido in gan shi, goshin ya zo, bakin ya ƙi zuwa. Kin san ba mu da hotonsa ko guda. Ina son in gan shi tun ina da abin gani."

Na ce, "Inna, ai ni ban iya fuska ba."

"Kin iya," ta ce, ta juya ta fuskanci taga.

Ina da shekara takwas yaƙi ya iso garinmu. Baba yana da maɗaba'a, ɗan shago mai inji ɗaya a bayan kasuwa, inda yake buga katin gayyata da littattafan makaranta. Da masu bindiga suka fara matsowa, wasu malaman makaranta suka kawo masa rubutu ya buga musu, labarin abin da aka yi wa ƙauyukan da aka riga aka ci. Ya buga. Da garin ya faɗa hannunsu sai muka ji sunansa na cikin jerin waɗanda ake nema. Sunan kawai suke da shi. Ba su san kamanninsa ba, don baƙi ne, daga nesa aka kwaso su.

Ana gobe za mu gudu, da la'asar, Inna ta hura murhu a tsakar gida ta fara ƙona hotuna. Na aurensu, wanda aka ɗauke shi gaban injinsa, har ɗan ƙaramin da ke jikin katin shaidarsa ta ɓamɓare ta jefa. Baba ya shiga banɗaki ya aske gemu da suma, ya ajiye tabarau, ya sa wata yagaggiyar riga ta ɗan dako. Da ya fito ban gane shi ba. Auta kuwa, yana wata tara lokacin, ya tsandara ihu ya maƙale Inna. Baba ya yi dariya ya ce, "Madalla. In ɗan cikina bai gane ni ba, su wa za su gane ni?"

Abu ɗaya reza ba ta iya cirewa ba. A saman kunnensa na hagu akwai tsaga, inda igiyar inji ta tsinke ta zabge shi tun yana koyon aiki. Ya jawo hular sanyi ya rufe ta.

Sati ɗaya kafin nan na zana shi. A ragowar takardar da ake yankewa a shago na yi, da fensir: Baba tsaye a ƙofar shago, da gemu, da tabarau, da kunnen nan da tsagarsa, don a duk fuskarsa ita na fi so, in ya ɗauke ni a ciki nake sa yatsa. A saman kansa na kwafi allon shagon harafi bayan harafi, cikakken sunansa. A ƙasa na rubuta Babana. Da na nuna masa ya ce na ba shi hanci kamar butar shayi, amma kunnen kam nasa ne, ba musu.

Da Inna ke ƙona hotuna ta ce a kawo duk takardar da ke da fuskarsa ko sunansa. Na ji, kuma na gane. Wannan nake son a sani, kada wani ya ce ƙuruciya ce ta hana ni fahimta. Na fahimta sarai. Zanen nan shi ya fi duk abin da na taɓa zanawa kyau, ban yarda wuta ta ci shi ba. Na ninke shi huɗu, na ɗaga shimfiɗar cikin takalmina na makaranta, na tura shi ƙarƙashi, na mayar da takalman bakin ƙofa.

Da safe Inna ta lalube mu ɗaya bayan ɗaya. Aljihu, bakin riga, har cikin gashina ta sa yatsu. Takalman sun yi min yawa, don an saya ne in girma a ciki. Da na zura ƙafa na ji an cusa tsumma a bakin kowanne, kada su riƙa cire min a hanya. Na taka, na ji takardar tana nan ƙarƙashin diddigena. Har daɗi na ji, wai na yi wa Inna wayo.

Baba ya durƙusa ya riƙe kafaɗuna.

"Gawayi, daga yanzu har mu tsallake gada ba ki san ni ba. In aka ce ina babanki, me za ki ce?"

"Ya rasu."

"Yawwa. Kuma kada ki kalle ni, ko sau ɗaya. In kin ji idonki yana son zuwa wurina, kalli ƙeyar wanda ke gabanki. Ki kalle ta sosai, kamar za ki zana ta. Kin ji?"

Na ce na ji.

Mu kusan hamsin aka loda a motar ɗaukar kaya. Ni da Inna da Auta a gaba kusa da kan motar, Baba can baya cikin leburori. Rana na tsaka muka iso shingen da ke gaban gadar: ganguna huɗu da katako mai ƙusoshi a kwance a titi. Aka ce kowa ya sauko. Maza layi ɗaya, mata da yara layi ɗaya. Gefe guda wani babba a cikinsu na zaune a kan teburin 'yan makaranta da aka ɗauko ko daga ina, wani na riƙe masa laima, ga takardu a gabansa an danne da dutse. Masu jarirai aka ce su zaga bayan wani tamfal, can wata mace za ta caje su. Inna ta matse hannuna ta ce in tsaya nan kada in motsa, ta wuce da Auta.

Sai aka ce yara su cire takalma. Ashe sun daɗe da gane cewa a takalman yara mutane ke ɓoye zinare da wasiƙu.

Wanda ya zo kaina saurayi ne siriri, yana tauna tsinken ashana. Ya ɗauki takalmina na hagu ya buga a jikin ganga, tsumma ya faɗo. Ya ɗauki na dama ya buga, ya leƙa, ya sa yatsa biyu ya ɗaga shimfiɗar. Ina kallo ya warware takardar, ninki ɗaya, biyu. Ya karanta allon shagon a hankali, leɓensa na motsi. Ya tafi wurin mai teburi. Mai teburi ya bi jerin sunaye da yatsa, ya sauka, ya sauka, ya tsaya.

Mai ashana ya dawo ya tsuguna daidai tsayina. Idonsa ba na mugu ba ne, abin da har yau ke ba ni haushi ke nan.

"Yarinya, wane ne wannan?"

"Ban sani ba."

"Ga shi an rubuta Babana. Ina baban naki?"

"Ya rasu."

"Allah sarki. Wa ya zana?"

Ba wanda ya koya min amsar wannan. Na ce, "Ni."

"Kai! Kin iya zane, wallahi." Ya miƙe, ya tofar da ashanar, ya daka tsawa, "Maza duka, a cire hula!"

Shi ne baƙo na farko da ya taɓa yaba aikina.

Na yi abin da Baba ya ce. Matar da ke gabana ɗankwalinta ya zame, na kafa ido a ƙeyarta. Kitso uku ne, na tsakiya ya fara warwarewa. Akwai ɗan baƙin tabo a wuyanta ta dama, gumi na gangarowa ya bi ta gefensa ya shige riga. Ko yau aka tashe ni daga barci zan zana ƙeyar nan ba kuskure. Kunnena kuwa yana kan takun mai ashana a tsakuwa. Taku biyu ya tsaya, taku biyu ya tsaya. Ina ƙirgawa ina roƙon Allah ya sa kada ya daina tafiya. A na goma sha huɗu ya tsaya, bai ƙara taku ba. Na ji fitsari mai ɗumi yana bin ƙafata har ƙasa.

Sai na ji muryar Baba, a natse, kamar yana magana da mai sayen takarda. "Ban san yarinyar nan ba."

"Ba wanda ya tambaye ka," in ji mai teburi.

Sau ɗaya na karya umarni na ɗaga ido. Baba ya ba ni baya, hannuwansa a ka, ana tura shi cikin motarsu. Ƙeyarsa sabuwar aska, fatar ta yi haske inda rana ba ta taɓa gani ba. Bai waiwayo ba. Mai ashana ya ninke zanena ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya miƙo min takalmana, har da dafa min kai.

Da Inna ta fito daga bayan tamfal motar da aka sa Baba ta riga ta tashi. Ta dubi layin maza daga farko zuwa ƙarshe, ta sake dubawa. Ba ta yi ihu ba, don wadda mijinta ya rasu ba ta da abin yi wa ihu a wurin. Ta kama hannuna muka hau mota. Mai kitso uku ta dube ni, ta dubi Inna, ta buɗe baki, ta rufe. Muka tsallake gadar. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar Baba ba, duk ofishin da aka ce ana neman ɓatattu Inna ta je har ta gaji. Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi aka gane shi ba, ni kuma na kulle bakina.

Shekara huɗu muka yi a sansanin 'yan gudun hijira. Wata malama ta riƙa zuwa da takardu da fensir masu launi, tana cewa kowane yaro ya zana iyalinsa. Na zana mu huɗu, duk mun ba da baya. Ta ce in juyo da su mana ta ga fuskokinsu. Na ce ban iya ba. Ta kwashi zanena ta aika birni, daga nan aka nemo min makaranta, daga makaranta aka fara rataye aikina a manyan ɗakuna, mutane masu ƙamshi suna tsayawa gabansa suna gyaɗa kai. Malamaina sun yi fama da ni. Akwai wanda ya ajiye mutum a gabana ya ce ba zan fita aji ba sai na zana idonsa. Na ɗauki kujerata na zaga bayan mutumin na zauna. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne, a wurina wanda duk na zana fuskarsa na miƙa shi ne. Na san ba hankali a ciki. Hannuna ne bai sani ba.

To yanzu ga Inna da wata uku a ido.

Sati uku ina ja da baya. Na ce takardar da nake da ita ba ta da kyau. Aka kawo takarda, na ce hasken kwanakin nan bai yi ba. Auta, wanda yanzu direban bas ne mai 'ya'ya huɗu, ya bugo waya yana tsokana. "Yaya, ki zana mana tsohon nan mana, in ga wanda ya ja min wannan hancin." Na ce ya kula da titi ya bar ni. Na ajiye wayar. Shi bai taɓa ganin fuskar ubansa da wayonsa ba, kuma ni ce sanadi.

Ba tsoron kasawa nake ba. Na san fuskar tana nan, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Tsoron da nake shi ne in na zana ta zan fashe, in na fashe zan faɗa, in na faɗa Inna za ta san wadda take lalubewa kullum a bakin ƙofa, wadda ta ci da guminta shekara da shekaru, ita ce ta ba da mijinta don ƙyashin ƙona takarda. Matar nan ba ta sake aure ba. Har yau in ta haɗa shayi takan ɗauko kofi uku, sai ta tuna ta mayar da ɗaya. Ba duka nake tsoro ba, ba zagi ba. Ina tsoron in miƙa mata hannu a bakin ƙofa ta ce in wuce kawai.

Wata safiya ina wanke burushi ta ce daga kujerarta, "Gawayi, ɗaga labulen nan mana, gari ya waye." Labulen a ɗage yake, rana ta cika falon.

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa. Na ɗauko takarda mafi girma da gawayi mai kauri, don layin ya yi baƙi sosai ta iya gani. Da na ɗora gawayin ya karye a hannuna. Na ɗauki wani. Gumi ya jiƙa min riga tun ban ja layi ba, ina ta jin kamar ana taku a matakalar bene, taku biyu a tsaya. Maƙwabcinmu ne ke hawa da buhu, amma sai da na leƙa na tabbatar. Daga nan na fara. Goshin ya zo, girar ta zo, tabarau, hancin nan da Auta ke kuka da shi, gemu, da bakin da ke karkacewa gefe ɗaya in zai yi zolaya. Ko awa ban yi ba ga Baba yana kallona. Na ce masa, "Baba," a hankali, na ji kunyar kaina.

Da na zo kunnen hagu hannuna ya ƙi. Na ɗora gawayin a wurin sau uku ina ɗagewa. A ƙarshe na ja kunnen lafiyayye, sumul, irin na kowa. Na ce a raina haka ya fi, ba mai gane shi.

Na kai mata da azahar, lokacin da haske ya fi ƙarfi a tagar. Ta karɓa ta kawo takardar dab da idonta na hagu, tana tafiyar da ita a hankali daga sama zuwa ƙasa.

"Goshin ne," ta ce. "Ga girar." Ta yi ƙasa. "Bakin! Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, bakin ya dawo."

Na fara sakin ajiyar zuciya. Sai ta matsar da takardar gefe, ta tsaya. Ta ƙara matso da ita har hancinta na taɓawa.

"Ina tsagar?"

"Wace tsaga, Inna?"

"Ta kunne."

"Au. Na manta."

"Ba ki manta ba," ta ce. "A na farkon kin sa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar na ce, "Wane na farko?"

"Na cikin takalmi."

Ta kwantar da zanen a cinyarta ta dafe shi da hannu biyu. Ba ni take kallo ba, taga take kallo.

"Wa kike tsammani ya cusa miki tsumma a takalmi? Da safen nan na ɗauko su, na ji shimfiɗar ta ɗago. Na zaro, na buɗe. Murhun shayi na ci, taku uku ne tsakanina da shi. Jiya-jiya na ƙone hotunansa duka da hannuna, ga wannan kuma ya fi su duka kama da shi. Na ce takalmin yarinya, wa zai duba? Na ninke yadda kika ninke, na mayar." Ta shafa gefen takardar. "Da na fito daga bayan tamfal na gan ki da takalma a hannu, ga tsummana a ƙasa, ban buƙaci kowa ya gaya min komai ba."

"Inna, ni na ɓoye. Na ji kin ce a kawo, na ƙi."

"Ke shekararki takwas. Ni ce babba. Ni babanki ya ce wa in duba komai, na ce masa na duba." Hawaye ya gangaro daga idon da ya mutu da wanda ya rage, duka biyun. "Na ɗauka ƙuruciya za ta shafe miki. Da kika fara kawo ƙeya daga wurin malamar nan na san ba ta shafe ba. Kullum nakan ce gobe zan gaya mata. Sai in ji tsoro. Na ce ranar da ta sani za ta ce ni na kashe mata uba, ta kwashe kayanta ta bar ni."

Ba zan yi ƙarya in ce tausayi ne ya fara zuwa min ba. Haushi ne. Ya taso min tun daga ciki har na ji kaina ya yi zafi.

"Shekara arba'in da ɗaya, Inna! Kina zaune a kujerar nan kina kushe min ƙeya, kin san dalili!"

"Na sani."

"Ni ina can ina tsoronki!"

"Ni ina nan ina tsoronki," ta ce.

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi a bakin gada ba, da ƙarfi, irin na mai shekara takwas. Hannunta ya sauko kaina yana lalube, ya shiga cikin gashina kamar safiyar nan. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ja min kunne a hankali.

"Tashi, kada ki jiƙa min shi. Ɗauko gawayin, ba ni da lokaci."

Na ɗauko. Na durƙusa gefen kujerar, hannuna na karkarwa har gawayin na buga takarda.

"Inna, in na sa..."

"Ba wanda zai zo, Gawayi. Sun riga sun zo. Sa wa mutum kunnensa."

Ta lalubo saman kunnen ta kafa farcenta daidai wurin, ba ta kuskure ko kaɗan ba. Ta kama wuyan hannuna da ɗayan hannun ta riƙe gam har rawar ta ragu. Na goge layin da yatsa, na ja tsagar a bakin farcenta, 'yar ƙarama, layi biyu da suka haɗu a ƙasa.

Ta ɗaga takardar zuwa idonta ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara mayafinta, ta sa kan yatsa a cikin tsagar.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce.